Melamin, katako, silba ko tangaran: wane faranti ya dace da teburin abincin taro?

Teburin abincin taro ya sauya fuska a garuruwanmu. A da, abincin biki a kuloli ake jera shi, ko a zuba wa kowa nasa a robar tafi-da-gidanka. Yanzu dina da walima da taron ma'aikatu a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai sun koma bufe, kowa ya ɗauki faranti ya bi layi ya zuba abin da ransa ke so. Ga kuma yayin da gidajen abinci suka ɗauko, na ajiye dogon faranti guda a tsakiyar tebur, mutum huɗu ko shida su sa hannu tare. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a tire ɗaya muka tashi muna ci da 'yan'uwa. Mazubin ne kawai ya sauya.

Abin da ake yayi yanzu shi ne shafaffun farantan nan masu kama da allo, wasu dogaye, wasu zagayayyu, wasu har da mariƙi. Daga nesa mutum zai rantse katako ne, ko baƙin dutse, ko mabul, sai ya ɗaga ya ji sakayau. Melamin ke nan, wani nau'in roba mai tauri. Mai sana'ar da za ta sayi talatin ko hamsin a tashi ɗaya tana da haƙƙin ta tsaya ta auna shi da abokan takararsa kafin ta zuba jarinta, domin kayan aiki ne da za a yi shekaru ana ɗora wa jama'a abinci a kai.

Ra'ayina a fili yake tun daga nan. A kan abinci mai sanyi, da busasshe, da mai ɗan ɗumi, babu wanda ya kamo ƙafar melamin a aikin taro. Da zarar an zo kan abinci mai tururi ko wanda za a yanka da wuƙa, ba wurinsa ba ne, kuma duk wanda ya tilasta masa wannan aikin zai yi asarar farantin, wataƙila ma ya taɓa lafiyar mutane.

Dalilin yana cikin yadda ake yin sa. Sinadarin melamin daga yuriya ake samar da shi a masana'anta, wannan dai yuriyar da manomanmu suka sani a buhun taki. Wani masanin sinadarai ɗan Jamus, Justus von Liebig, shi ya fara haɗa shi a 1834, amma sai bayan shekara ɗari da 'yan kai aka fara yin kwanuka da shi, inda suka cika gidajen Amurka a shekarun 1950. Ana haɗa shi da wani sinadari, fomaldehaid, a cakuɗa da ɓargon itace da aka niƙe, a zuba a mazubi a matse da zafi. Idan ya daskare ya daskare ke nan, kamar dafaffen ƙwai da ba ya komawa ɗanye. Shi ya sa ba ya lanƙwashewa ko narkewa irin na robar bokiti, shi ya sa yake da tauri da ƙyalli irin na tangaran. Amma kuma shi ya sa idan wuta ta yi masa yawa sai dai ya ƙone, ya yi bororo, ya tsattsage. Zanen katako ko na mabul da kuke gani a kai wata siririyar takarda ce da aka jiƙa da sinadarin aka manna, sannan aka bi ta da shafen ƙyalli. Duk kyan farantin da tsaftarsa a wannan siririn shafen suka rataya.

Maganar zafi ita ce ta fi komai nauyi, don haka bari in ɗan daɗe a kanta. Hukumar tantance haɗurran abinci ta Jamus, BfR, ta bayyana cewa kayan melamin ba su da laifi matuƙar zafin bai haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas ba, amma kada a dafa abinci a ciki, kada a soya, kada a sa su a na'urar ɗumama abinci ta maikirowef. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma a kusan wannan iyakar ta tsaya, ta kuma ƙara da cewa abinci mai tsami ya fi jawo sinadarin idan an haɗa shi da zafi. Abin da ke faruwa shi ne zafi da tsami suna kwance haɗin a hankali, sai ɓurɓushin melamin da fomaldehaid su riƙa tsallakawa cikin abinci. A 2013 wasu masu bincike a Taiwan sun ba mutane miyar taliya mai zafin gaske, wasu a kwanon melamin wasu a tangaran, sai aka samu sinadarin ya fi yawa nesa ba kusa ba a fitsarin waɗanda suka ci a melamin. Ba a ce ci ɗaya zai kwantar da mutum ba. Amma mai sana'a ba sau ɗaya take zubawa ba, kullum ne, kuma cikin masu ci akwai yara da tsofaffi da masu ciwon ƙoda.

Ku haɗa wannan da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce dafaffen abinci a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5, kuma kada a bar shi a sarari fiye da awa biyu. Tsakanin 60 da 70 tazarar ba ta da yawa, kuma shafaffen faranti ba shi da wata hanyar riƙe zafi. Ba a kunna masa wuta a ƙasa, fitilar ɗumama abinci kuwa idan ta matso shi sai ta gasa fuskarsa. Saboda haka shinkafa da miya da farfesu da tuwo, duk wani abu mai romo da tururi, wurinsu mazubin silba, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, mai ruwan zafi da wuta a ƙarƙashi. A nan babu ma wata gasa.

Inda ake yawan kuskure shi ne soye-soye. Man suya yana kaiwa digiri 170 zuwa 180. Sau nawa ake ganin yaron kicin, baƙi sun fara layi, uwar ɗakinsa na ƙwala masa kira, ya tsamo samosa ko kaza daga kasko ya juye kai tsaye a kan farantin da za a fita da shi, man yana tsartuwa? Bayan 'yan makonni sai a ga tsakiyar farantin ya dushe, ya yi wani rawaya-rawaya da babu sabulun da zai fitar, a ce ai jabu aka sayo. Ko na ƙwarai ne haka zai yi. Abu ne mai sauƙin gyara: a tsane a matsami ko a tiren silba na 'yan mintuna, sannan a jera. Haka tsire da balangu da suka sauko daga wuta, haka masa da ta fito daga tanda.

Wasu kuma da sun ji sunan melamin sai gabansu ya faɗi, saboda abin da ya faru a Sin a 2008, lokacin da aka gano ana zuba sinadarin a madarar jarirai don ta nuna kamar tana da furotin da yawa. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda da mafitsara, aƙalla shida suka rasu. Tsoron yana da tushe. Sai dai can garin sinadarin aka zuba a cikin abinci da gangan, nan kuwa a daskare yake a jikin faranti, kuma abin da ke fita daga faranti mai kyau a ƙarƙashin kankana ko dabino bai taka kara ya karya ba. Tarayyar Turai ta sa iyaka: kada melamin da ke tsallakawa ya wuce miligiram 2.5 a kowane kilo na abinci, fomaldehaid kuma kada ya wuce 15. Tun 2011 ta kuma wajabta cewa duk kayan kicin na melamin da za su shiga ƙasashenta daga Sin da Hong Kong su zo da takardar gwaji. Wannan dokar kaɗai ta isa ta nuna muku cewa ba duk abin da aka kira melamin ne yake da inganci ɗaya ba.

Nan ne kasuwarmu take da wuyar sha'ani. Akwai wani ɗan'uwansa mai araha da ake haɗawa da yuriya kai tsaye, a shafa masa melamin a sama kawai. A ido kusan ba a bambanta su, amma ba ya jure zafi da ruwa, kuma ya fi sakin fomaldehaid. Masu masana'antu a Sin suna kiran tsantsar melamin da A5, mafi arahar kuma A1, wanda asalinsa ba don abinci mai ɗumi aka yi shi ba. Idan kun shiga Sabon Gari a Kano ko Wuse a Abuja, abin da ɗan kasuwa zai fara cewa shi ne, "Hajiya, wannan ba ya fashewa, ko daga bene kika sako shi." Ba ita ce tambayar ba, kuma ma ba gaskiya ba ce ɗari bisa ɗari, domin idan ya faɗi ta kusurwa a kan tayil yana ɓantarewa. Abin da ya kamata ku ce shi ne, "Alhaji, juyo min bayansa in gani." A bayan na kirki za a ga sunan kamfani, da alamar kofi da cokali mai yatsu da ke nuna an yi shi don abinci, sau da yawa har da iyakar zafin da yake ɗauka da gargaɗin kada a sa shi a maikirowef. Ku shafa yatsa a gefensa ku ji ko akwai kaushi, ku karkata shi a haske ku duba ko akwai ƙananan ramuka ko bororo, ku sansana ko yana wani ɗoyin sinadari. Ku ɗora shi a kan kanta ku danna kusurwa ɗaya, idan yana rawa to a murɗe ya fito daga mazubi. Na ƙwarai yana da ɗan kauri da nauyi a hannu. Wanda ba shi da ko suna a baya, komai kyan zanensa, ku bar wa mai shi kayansa. Araha ba ta ado.

Haka kuma ku yi hattara da waɗanda ake tallatawa da sunan an yi su da gora, ana cewa sun fi lafiya don daga tsiro suke. Yawancinsu garin gora ne aka cuɗa da melamin, kuma a 2019 hukumar nan ta Jamus ta yi gargaɗi cewa da yawansu sun fi sakin sinadari fiye da melamin zalla idan suka haɗu da zafi.

Yanzu katako. Ba zan ɓoye ba, babu abin da ya kai katakon gaske kyau a ƙarƙashin gasasshen nama. Yana da wani kwarjini da bugun inji ba ya kawowa, kuma mu da muka gaji akushi ba sai an koya mana darajarsa ba. Yana ɗaukar wuƙa, ba ya dakushe ta, nama mai zafi ba ya yi masa komai. Gidan abincin da ke kai wa mutum biyu ko uku haƙarƙarin rago su yanka da kansu, katako ya kamata ya saya, ba tantama.

Matsalar tana tasowa ne idan yawa ya shigo. Katako yana shan ruwa, yana shan mai, yana riƙe warin albasa da kifi. Ba a jiƙa shi a baho, ba a sa shi a injin wanke-wanke, dole a wanke shi da hannu nan take, a jingine shi ya sha iska, a riƙa shafa masa mai lokaci-lokaci. Ku tuna yadda ake tashi daga dina ƙarfe goma sha biyun dare, yara sun gaji, an tattara komai an cusa a bayan mota sai da safe. Melamin zai kwana da maiƙo a kansa ya tashi lafiya. Katako zai tashi da tabo. Sannan ga yanayinmu: damina ta kumbura shi ta sa masa fumfuna idan sitonku ba ya shan iska, hunturu ya zo ya busar da shi har ya tsage ta inda aka haɗa shi da gam. Tsagar nan kuwa maɓoyar ƙwayoyin cuta ce da soso ba ya kaiwa. Allo biyar ko goma mai gida zai iya sa musu ido da kansa. Hamsin a hannun ma'aikatan haya, a gaskiya ban ga yadda za su kai shekara da mutuncinsu ba.

Sai dai a kan wuƙa katako ya yi wa melamin fintinkau. Kada kamannin allon yanka ya ruɗe ku. Wuƙa, musamman mai haƙora, tana keta shafen saman, kuma kowace karta tana zama layin da manja da tumatir da kori za su shige su zauna. A yanka kilishi da gurasa da kek a kicin, a kawo su a yanke. Soson ƙarfe ma abokin gabarsa ne, haka ruwan bilic mai ƙarfi da wasu ke jiƙa farantai a ciki don su yi fari: yau zai yi fari, gobe ya fi saurin kama datti domin an cinye fuskarsa. Soso mai laushi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke sun wadatar, idan tabo ya kama a kwaɓa bakar hoda a shafa a bar shi ya ɗan jima.

Silba, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, shi ne wanda zai fi kowa daɗewa. Ba ya fashewa, ba ya tsoron wuta, ana iya tafasa shi, ana iya kankare shi. Mai kyau shi ne wanda aka buga wa 304 ko 18/8. Akwai mai araha, 201, wanda gishiri da tsami ke sa shi ɗigon tsatsa, kuma gwajin maganaɗisu da ake yi a kasuwa ba ya raba su, domin dukansu ba sa kama shi sosai. Aibinsa biyu ne. Yana ɗaukar zafi nan da nan ya ƙona hannun mai rabo, kuma ba ya ƙawata tebur: yana nuna shatin yatsu, yana lotsewa, yana ƙara idan cokali ya taɓa shi. Amaryar da ta kashe kuɗi a kwalliyar wuri ba za ta so ta ga alkaki da dubulan a tiren da ya yi kama da na makarantar kwana ba. A bayan fage da ɓangaren abinci mai zafi, silba. A gaban kyamara, a nemi wani.

Tangaran ba shi da na biyu wajen tsafta. Ba ya shan komai, wuƙa ba ta cika yi masa illa ba, yana shiga tanda da maikirowef, idan aka ɗumama shi yana riƙe zafi. Otal ɗin da kicin ke bayan ɗakin cin abinci, taku ashirin tsakaninsu, ba shi da dalilin barin sa. Amma wadda za ta loda kaya a mota daga Kano zuwa Dutse, ko ta haura da su bene hawa biyu, ta san kowace fita sai an yi mata ɓari. Ga nauyi: a girma ɗaya tangaran ya ninka melamin sau ɗaya da rabi ko fiye, baƙin dutse kuwa kusan ninki biyu. Yarinyar da za ta yi awa uku tana kai da kawowa da dogon faranti a hannu ɗaya ita ta san wannan bambancin a wuyan hannunta. Sannan idan tangaran ko gilashi ya fashe kusa da tebur, duk abincin da ke buɗe a wurin ya tashi daga aiki, don ba wanda zai iya rantsuwa tsinin bai faɗa ciki ba. Baƙin dutsen gaske ban ma ba da shawararsa ga aikin waje: yana ɓarewa fale-fale, yana karce tebur, mai yana barin tabo a kansa. Idan launinsa kuke so, a nan kwaikwayon melamin ya fi na asalin amfani.

To me za a ɗora wa melamin ɗin? Abubuwan suna da yawa, kuma su ne ma suke cika ido a tebur: kankana da abarba da gwanda da inibi, dabino a teburin buɗa-baki, kilishi da dambun nama, cincin da alkaki da nakiya, sanwici da kek, samosa da fanke da ƙosai bayan sun tsane, gurasa, sinasir da masa da suka huce aka ajiye miyarsu daban a kwano. Salak ma yana hawa, amma ku sani melamin ba ya riƙe sanyi. A zafin Afrilu, duk abin da aka sa wa mayonis ko kirim a fito da shi kaɗan-kaɗan daga firji ana sauyawa, maimakon a tula shi gaba ɗaya tun kafin ango ya iso. Wannan ma dalili ne na sayen matsakaita da yawa a kan manya biyu-uku: ƙaramin faranti yana saurin ƙarewa a sauya shi da sabo, teburin kullum a cike yake kamar yanzu aka fara.

Siffa ma abar dubawa ce. Shafaffe ƙwal ya yi wa busasshen abu daidai, amma ruwan kankana ko man tsire zai gangaro ya ɓata farin ƙyallen tebur, don haka ku nemi mai ɗan tudu ko kwari a gefe. Masu mariƙi suna da kyau a hoto, sai dai suna cin wuri kuma ba sa jeruwa da kyau a kwali. Idan kuna aiki da firji da akwatunan otal, ku nemi waɗanda aka yi a ma'aunin da ake kira GN, wanda cikakkensa santimita 53 ne a tsawo da 32.5 a faɗi, da rabinsa da sulusinsa, domin za su zauna daram a inda mazuban silba ke zama. A launi kuma, fari ya fi nuna tabon manja, baƙi ya fi nuna karta da busasshen ruwa, mai zanen katako ya fi su rufa asiri. Amma rufa asirin nan yana da haɗari, domin yana ɓoye lalacewar da ya kamata a gani. Duk wanda ya dushe, ya tsage, ya ɓantare ko ya yi bororo, a cire shi daga abinci, a mayar da shi mazaunin kofuna ko furanni. Ba a narka melamin a sake ƙera shi, don haka masu sayen tsohuwar roba ma ba za su karɓa ba.

Wajen kuɗi, kada ku tsaya a farashin guda ɗaya. Ku raba kuɗin da yawan fitar da kuke sa ran zai yi, ku ƙara abin da kuke asara a fashewa da ɓata, da lokacin da wankinsa ke ci. A wannan lissafin melamin mai kyau yana doke tangaran ga mai aikin waje, yana doke katako ga mai taron ɗaruruwa, amma ba ya doke silba a tsawon rai. Wadda ke farawa da ƙaramin jari ta fara kammala mazuban silba na abinci mai zafi tukuna, domin su ne ba a iya yi ba tare da su ba, sannan ta ƙaro melamin don kayan marmari da soye-soye. Kafin ku sayi kwali-kwali, ku ɗauki biyu kacal ku kai gida, ku shafa wa ɗaya jar miya ku bar shi ya kwana, ku wanke da safe ku ajiye shi kusa da ɗan'uwansa ku gani. Idan ya ci jarrabawar, ku sayi adadin da kuke buƙata har da rara a lokaci guda, domin kayan kwantena ne, zanen da kuka samu yau ba lallai ba ne ku sake samunsa bayan wata shida idan kuka zo cike gurbi.